Babi na Tara: Ƙaramin Cizo a Kai da Lambobinsa a Asibitocin Amurka

A Amurka duk raunin da aka kai asibiti sai an ba shi lamba kafin a biya kuɗin maganinsa. Likita yana rubuta abin da ya gani da kalmomi, wani ma'aikaci da aka horar musamman don haka ya karanta, ya mayar da bayanin haruffa da alƙaluma, sannan a aika wa kamfanin inshora ko hukumar gwamnati da ke biya. Idan kare ya kai wa yaro cizo a tsakiyar kai, haƙorin ya kankare saman fata bai huda ta ba, lambar da za ta hau takarda ita ce S00.07XA.

Kowane yanki na lambar nan yana da ma'ana. Harafin S na farko yana nuna rauni ne a wani sashe na jiki. Alƙaluman 00 da ke biye suna nufin rauni na saman fata a kai. Sifilin da ke bayan ɗigo yana nufin fatar kai, inda gashi ke tsirowa. Alƙalamin 7 yana nufin cizo wanda ba na ƙwaro ba. Harafin X ciko ne kawai, an sa shi don ya riƙe gurbi na shida da babu abin sawa a ciki. Harafin A na ƙarshe kuwa yana cewa ana kan ba da maganin raunin ne, bai shiga matakin warkewa ba. Wanda ya iya karanta wannan lamba ɗaya ya samu mabuɗin dubban lambobin rauni, domin duk a kan tsari ɗaya aka gina su.

Inda lambobin suka samo asali

Kundin da ake ɗauko lambobin daga cikinsa sunansa ICD-10-CM, kuma tun farko ba don karɓar kuɗi aka ƙirƙiri kakanninsa ba. Ƙidayar matattu ce ta haife shi. A 1893 wani masanin ƙididdiga Bafaranshe, Jacques Bertillon, ya gabatar da jerin sanadin mutuwa a wani taro a birnin Shikago, ƙasashe da dama suka karɓa don su riƙa kiran cututtuka da suna ɗaya. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamar kundin, kuma a bugu na shida da ta fitar ne aka fara shigar da cututtuka da raunukan da ba su kai ga kisa ba. An amince da bugu na goma a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994.

Amurka ta ɗauki bugu na goma ta faɗaɗa shi don bukatun asibitocinta, ta hannun cibiyarta ta ƙididdigar lafiya da ke ƙarƙashin hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC. Haruffan CM da ke ƙarshen sunan alamar wannan faɗaɗawar ce. Sai dai ta daɗe kafin ta fara aiki da shi. An ɗage ranar farawa fiye da sau ɗaya saboda ƙorafin likitoci, sai ranar 1 ga Oktoba 2015 aka sauya. Tsohon kundin yana da lambobin cututtuka kimanin 14,000, sabon ya zo da kusan 70,000, kuma mafi yawan ƙarin a sashen raunuka yake. A tsohon tsari ƙaramin cizon dabba a fuska, ko a wuya, ko a fatar kai, duk a gida ɗaya ake zuba su, rukuni na 910, tare da sauran ƙananan raunuka. Sabon tsarin ya raba su filla-filla. Ana sabunta kundin kowace ranar 1 ga Oktoba, don haka lambar da ta yi aiki bara tana iya canzawa bana, kuma ranar da aka duba majiyyaci ce ke nuna bugun da za a bi.

Yadda aka rarraba kai

Rukunin S00 ya raba kai gida-gida. Fatar kai tana S00.0, fatar ido da kewayensa suna S00.2, hanci yana S00.3, kunne S00.4, leɓe da cikin baki S00.5. Sauran sassan da ba a ba su gida nasu ba, kamar goshi da kunci da haɓa, suna haɗuwa a S00.8. Idan likita bai faɗi wurin ba sam, ya ce "kai" kawai, sai a koma S00.9. A cikin yawancin gidajen nan, alƙalami na gaba yana faɗin irin raunin: 1 ƙujewa, 2 bororo wanda ba na ƙuna ba, 3 taruwar jini a ƙarƙashin fata, 4 matsewa daga wani abu da ya ɗaure wurin, 5 ƙaya ko tsinke da ya maƙale a saman fata, 6 cizon ƙwaro marar dafi, 7 sauran cizo na sama-sama. Da haka ƙaramin cizo a hanci ya zama S00.37, a kunci S00.87, a wurin da ba a ambata ba S00.97.

Gaɓoɓin da suke bibbiyu suna bukatar ƙarin alƙalami. Kunnen dama S00.471 ne, na hagu S00.472, wanda ba a faɗi ɓangarensa ba S00.479. Haka ma fatar ido: S00.271 da S00.272 da S00.279. A baki kuwa alƙalami na shida yana raba leɓe, S00.571, da cikin baki, S00.572. Tunda waɗannan sun riga sun cika gurbi shida, ba sa bukatar X. Harafin ƙarshe yana manne musu kai tsaye, kamar S00.471A. Mantawa da X inda ake bukatarsa, ko cusa shi inda ba a bukata, na cikin kurakuran da suka fi sa kwamfutar kamfanin inshora ta mayar da takarda tun kafin wani mutum ya duba ta.

Ƙwayar ido ba ta cikin wannan rukuni. Idan haƙori ko farce ya taɓa idon kansa, an bar S00 ke nan an koma S05. Mutumin da ya saba cizon leɓensa ko cikin kumatunsa a matsayin ɗabi'a shi ma yana da tasa lambar daban a sashen cututtukan baki, K13.1.

Iyakar da ta fi komai muhimmanci

Tambayar da ke raba lambobin cizo gida biyu ita ce: haƙori ya huda fata ko bai huda ba? Idan ya bar sawu, ya kankare sama, ko wurin ya yi ja ya kumbura amma fatar ba ta buɗe ba, cizon na S00 ne. Idan ya ratsa fata, ya huda ko ya yaga, ya zama buɗaɗɗen cizo, gidansa S01: fatar kai S01.05, fatar ido S01.15, hanci S01.25, kunne S01.35, kunci da mahaɗar muƙamuƙi S01.45, leɓe da baki S01.55, sauran sassa S01.85. Abin lura, kunci yana da gidansa na musamman a buɗaɗɗen rauni, alhali a rauni na sama-sama an haɗa shi da sauran fuska. Kundin bai daidaita ko'ina ba, shi ya sa ƙwararren mai sanya lamba ba ya dogara da hadda, sai ya buɗe ya duba.

Kundin ya hana a haɗa lambobin biyu a kan rauni ɗaya. A ƙarƙashin S00.07 akwai gargaɗi cewa ba a sa ta tare da S01.05, domin cizo ɗaya ba zai zama buɗaɗɗe kuma rufaffe a lokaci guda ba. Akwai kuma ƙa'ida ta gama-gari: idan a wuri ɗaya akwai babban rauni da ƙarami, babban kaɗai ake ba lamba. Karen da ya yaga kuncin yaro ya kuma kankare gefen yagar, yagar ce za ta hau takarda. Amma idan ya yaga kunci ya kuma kankare kunne, wurare biyu ke nan, lambobi biyu, kuma mafi tsanani ne ke zuwa farko.

Akwai wata ƙa'ida da mutane da yawa ba su sani ba, wadda ke nuna nauyin alƙalamin likita. Idan ya rubuta "cizon kare a fatar kai" ya tsaya nan, bai ce na sama-sama ba ne, kundin ya umarci a ɗauke shi buɗaɗɗen cizo. Wato lambar S00 ba ta hawa takarda sai likita ya bayyana cewa raunin bai ratsa fata ba. Mai sanya lamba ba shi da hurumin yin hasashe, ko da ya ga ba a yi ɗinki ba, ko da hoto ya nuna ƙujewa ce kawai. Abin da zai iya shi ne ya mayar wa likita tambaya a rubuce. Wannan tsari yana da hikima, domin yawancin cizon da ke kai mutum asibiti ya huda fata, kuma kuskuren ɗaukar babban rauni a matsayin ƙarami ya fi akasinsa haɗari. Amma yana nufin likitan da ke gaggawar rubutu yana iya sa a ƙirga rauni a inda ba gidansa ba, ba tare da ya sani ba.

Cizo, harbi da sara

Hausa tana bambanta cizon sauro da harbin kunama da saran maciji, kuma kundin ya yi irin wannan rarrabewa, ko da yake ma'auninsa dafi ne. Cizon sauro, ko na kuɗin cizo, ko na kaska, idan a kai ne, yana ɗaukar lambar da ke da 6: S00.06 a fatar kai, S00.36 a hanci, S00.86 a kunci ko goshi. Harbin kunama da na zuma da saran maciji mai dafi sun fita daga sashen raunin fata baki ɗaya, sun koma T63, inda ake lissafa illar dafin dabbobi, domin abin da ake jiyya a nan shi ne guban da ya shiga jiki, ramin da ya shiga ta ciki ƙaramin al'amari ne. Macijin da ba shi da dafi kuwa cizonsa rauni ne kamar na kowace dabba.

Cutar da cizo ya jawo ita ma tana da lambarta daban. Kaska a arewa maso gabashin Amurka tana yaɗa cutar Lyme, kuma fatar kai da bayan kunne na cikin wuraren da take laɓewa a jikin yara. Ranar da aka cire kaskar, S00.06XA za a rubuta. Idan bayan makonni cutar ta bayyana, lambar A69.2 da 'ya'yanta ne za su ɗauki zancen. Ƙwarƙwata ba ta shiga lissafin cizo. Zamanta a gashi cuta ce mai lambar B85.0.

Harafin ƙarshe

Haruffa uku ne ke rufe lambobin wannan rukuni: A, D da S. An fi yin kuskure a kan A, domin sunansa a kundin yana nuna zuwan farko, sai mutane su ɗauka sau ɗaya ake amfani da shi. Ainihin ma'aunin shi ne ko ana kan yi wa raunin magani gadan-gadan. Yaron da aka duba a sashen gaggawa da dare, aka tura shi washegari wurin likitan fata ya ci gaba da maganin, duka zuwan biyu suna iya ɗaukar A. Harafin D na lokacin da aka gama babban aiki ne, ana bibiya kawai: canza bandeji, duba ko wurin yana warkewa. Harafin S na abin da raunin ya bari ne bayan ya warke, kamar tabo. A nan ana sa lambar tabon, L90.5, a farko, sannan lambar cizon da S a ƙarshenta ta biyo, don a san inda tabon ya samo asali. Babu iyakar lokaci ga wannan. Tabon da aka zo gyarawa bayan shekara goma yana komawa ga lambar cizon da ya haifar da shi.

Wane ne ya yi cizon?

Lambar S00 ba ta faɗin abin da ya ciji mutum. Wannan aikin wasu lambobi ne na daban, waɗanda ke bayyana sanadin rauni, kuma ba a taɓa sa su a farko. Kare W54.0 ne, kyanwa W55.01, doki W55.11, saniya W55.21, akuya da tunkiya W55.31, alade W55.41. Ƙaramin ɓera W53.01, babba W53.11. Ƙwaro marar dafi W57. Cizon mutum ya rabu biyu: idan tsautsayi ne, kamar yara suna wasa, W50.3, idan da gangan ne a faɗa, Y04.1. Su ma suna ɗaukar X da harafin ƙarshe, shi ya sa cizon kare yake fitowa a takarda a matsayin W54.0XXA. Bayan su akwai Y92 mai faɗin wurin da abin ya faru, Y93 mai faɗin abin da mutum ke yi a lokacin, da Y99 mai nuna ko yana bakin aiki ne. Waɗannan ukun sau ɗaya ake rubuta su, a zuwan farko.

Gab da sauya kundin, jaridun Amurka sun yi ta yi wa waɗannan lambobi dariya, suna kawo misalin lambar cizon aku da ta tsattsagar kaza. Dariyar ta rufe wa mutane ido daga amfaninsu. Babu dokar tarayya da ta tilasta sa lambobin sanadi a ko'ina, sai inda jiha ko mai biya ya bukata, amma su ne ke nuna wanda nauyin biya ya rataya a wuyansa. Ma'aikatan gidan waya na Amurka sama da 5,000 ne karnuka ke kai wa hari a shekara. Idan ɗayansu ya zo da cizo, inshorar raunin aiki ce za ta biya, ba inshorar lafiyarsa ba. Idan karen maƙwabci ne ya ciji yaro, kamfanin inshorar lafiya yana iya biya sannan ya bi inshorar gidan mai karen ya karɓo kuɗinsa. Ba ƙaramar dukiya ba ce: abin da kamfanonin inshorar gidaje suka biya kan raunukan da karnuka suka jawo ya haura dala biliyan 1 a 2022. Lambar Y04.1 a fuskar ƙaramin yaro kuwa tana iya zama zaren da zai kai ga binciken cin zarafi.

Daga lamba zuwa kuɗi

Lambar cuta ita kaɗai ba ta da farashi. Tana faɗin dalilin zuwa ne. Abin da aka yi wa majiyyaci yana da wani kundi daban mai suna CPT, mallakar ƙungiyar likitocin Amurka, wanda aka fara bugawa a 1966. Duba majiyyaci a sashen gaggawa yana tsakanin 99281 da 99285, gwargwadon nauyin shawarar da likita ya yanke. Ɗinki mai sauƙi a fuska wanda bai wuce santimita 2.5 ba 12011 ne, a fatar kai kuma 12001. Allurar rigakafin haukan kare 90675 ce, ruwan garkuwar da ake sawa da allura a raunin da kewayensa 90375.

A takardar neman biya ta likitoci, CMS-1500, akwai gurabe goma sha biyu na lambobin cuta, daga A zuwa L, kuma kowane aiki da aka yi dole ya nuna gurbin da ya halatta shi. Nan ne bambancin S00 da S01 yake zama kuɗi. Idan takarda ta ce an yi ɗinki, amma lambar raunin ta ce fata ba ta buɗe ba, maganar ta ci karo da juna, kuma akwai yiwuwar a ƙi biya. Idan kuma aka ɗaga ƙujewa aka mai da ita buɗaɗɗen rauni don a samu ƙarin kuɗi, an shiga zamba, kuma inda kuɗin gwamnati ne, kamar Medicare da Medicaid, dokar hana da'awar ƙarya wadda asalinta ya koma 1863 tana iya hawa kan asibitin. Tsakanin waɗannan ramuka biyu mai sanya lamba yake tafiya kullum, kuma sandarsa ɗaya ce, rubutun likita.

Misali zai haɗa zancen. A ce yarinya 'yar shekara huɗu karen maƙwabta ya kai mata cafka a tsakar gidansu, ya kankare mata kuncin dama, ya kuma bar sawun haƙori a kunnen dama, babu inda ya huda. Takardarta za ta ɗauki S00.87XA don kunci, S00.471A don kunne, W54.0XXA don kare, da lambar Y92 mai nuna harabar gida. Idan an yi mata allurar rigakafin cutar sarƙewar haƙora, wadda ake kira tetanus, za a ƙara Z23. Idan bayan kwana biyu kuncin ya kumbura ya yi zafi, ƙwayoyin cuta sun shiga, sai L03.211 ta shigo, lambar kumburin fatar fuska mai ɗauke da ƙwayar cuta.

Ƙarami a takarda

Kalmar "sama-sama" a wannan kundi tana auna zurfin rauni ne a fata kaɗai, ba ta cewa komai a kan haɗarinsa, kuma wannan shi ne abin da ya fi cancanta mai karatu ya riƙe. Yara ƙanana su ne aka fi ciza a kai da wuya, saboda fuskarsu tana daidai da bakin kare, kuma sukan rungume shi ko su leƙa idonsa. Bakin kare da na kyanwa suna ɗauke da ƙwayar Pasteurella, wadda kan sa rauni ya ruɓe cikin kwana ɗaya. Haƙorin kyanwa siriri ne kamar allura, yana iya shiga ya fita ya bar ɗan ɗigo da ido zai raina. Ƙoƙon kan jariri kuma bai yi ƙwari ba, har haƙorin babban kare yana iya ratsa shi ta ƙaramin rami.

Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana bin jijiyoyi ne har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin alamu su fito, amma tana iya yi cikin mako guda, kuma cizo a fuska ko kai yana gajarta mata tafiya. Da zarar alamu sun bayyana, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa haɗuwa da dabbar da ake zargi gida uku. Na farko shi ne taɓawa ko lasa a lafiyayyar fata, wanda wankewa ta ishe shi. Na biyu shi ne gatsa a fatar da ba tufa, ko ƙujewa da yakushi marar jini, kuma yana bukatar allurar rigakafi nan take. Na uku shi ne cizon da ya ratsa fata, ko yawu a kan rauni ko a ido da baki, ko haɗuwa da jemage, wanda ke bukatar allura da ruwan garkuwa tare. Duk wanda ya auna zai ga cewa yawancin abin da kundin ke kira S00.07 ko S00.87 ya faɗa mataki na biyu ne. Raunin da ya samu lamba mafi sauƙi yana iya bukatar allura a ranar farko, da ta uku, da ta bakwai, da ta goma sha huɗu, kamar yadda ake yi a Amurka.

A can an kawar da nau'in cutar da ke yawo tsakanin karnuka, an sanar da haka a 2007, kuma jemage ne ya zama kan gaba wajen sanadin 'yan mutuwar da ake samu a cikin ƙasar. Cizon jemage kan yi ƙanƙanta har mutum bai san an cije shi ba. Kundin ya tanadi Z20.3, lambar da ke cewa mutum ya haɗu da abin da ake zargin yana ɗauke da cutar. Ita ce ke halatta biyan alluran, waɗanda kuɗinsu a asibitocin Amurka kan kai dubban daloli. Idan aka manta da ita, takardar za ta nuna an kashe maƙudan kuɗi a kan ƙujewa, kuma iyalin majiyyaci ne za su sha wahalar jayayya da kamfani. Kafin duk wannan, matakin farko bai canza ba a ko'ina a duniya: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a nufi asibiti.

A wajen Amurka

Ainihin kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda yawancin ƙasashe ke amfani da shi, bai kai wannan zurfi ba. A cikinsa S00.0 tana nufin duk wani rauni na saman fatar kai, cizo ne ko ƙujewa, babu dama da hagu, babu A da D da S. Lambar W54 kuma ta haɗa wanda kare ya ciza da wanda kare ya bangaje. Bugu na goma sha ɗaya, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022, ya zo da wata dabara: maimakon a ƙirƙiri lamba ga kowane haɗi, sai a ɗauki lambar rauni a liƙa mata ƙananan lambobi masu faɗin wuri da ɓangare da sanadi. Amurka dai tana ci gaba da nata kundin.

A Najeriya lambobin ba su da irin wannan iko a kan kuɗi, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyata yake fitowa, kuma wanda ya biya da hannunsa rasit yake karɓa. Dokar inshorar lafiya ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1999 ta kuma wajabta inshora ga kowa, za ta ƙara wa lambobin cuta muhimmanci gwargwadon yadda ta bazu. Amma amfaninsu na ƙidaya ya fi gaggawa. Ana ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara a duniya, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar karnuka, kuma kimanin kashi 40 na waɗanda ke kamuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Adadin ƙiyasi ne, saboda yawancin cizon da mace-macen ba sa shiga kowane littafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos tana gwada kawunan karnukan da ake zargi, tana kuma yin allurar rigakafin karnuka, amma hukumar da za ta yanke yawan allurar mutane da za a ajiye a asibitin wata ƙaramar hukuma tana bukatar sanin mutum nawa aka ciza a can, a wane sashe na jiki, kuma wace dabba ce. Ƙasashen duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da za a daina mutuwa daga haukan kare da karnuka ke yaɗawa, kuma da rajistar cizo ta ɗakunan shan magani da asibitoci za a auna ko an kai.